Miyau da Tsiron Dawa: Tarihin Sinadarin da ke Warware Tuwo, Daga Kwarin Binuwai Zuwa Ɗakunan Bincike

Duk uwar da ta taɓa ba yaro kunu da cokali a Garwa ta san wani abu da ba a makaranta ta koya ba. Takan dama kunun gero da kaurinsa, ta fifita, ta soma ba yaron. Kafin a kai rabin kwano sai kunun ya saki ya koma tsararo, alhali babu wanda ya ƙara masa ruwa. Cokalin da ke kai-komo tsakanin bakin yaro da kwano shi ne ya kwaso ɗan miyau ya bari a ciki, wannan ɗan miyau kuwa ya isa ya karya kaurin kwano guda cikin 'yan mintoci. Haka nan wanda ya daɗe yana tauna lomar tuwon dawa gaya, ba tare da miya ba, zai ji wani ɗan zaƙi-zaƙi ya ɓullo a bakinsa, zaƙin da babu shi lokacin da ya kai lomar.

Abu guda ne ya haddasa duka biyun, wato wani sinadari da ke cikin miyau wanda masana suka raɗa wa suna amilas. Aikinsa shi ne datse sitaci ya mayar da shi sukari. Sai a ƙarni na 19 aka gano shi a Turai, amma mutanen kwarin Binuwai da filayen Diyamare sun daɗe suna sarrafa ɗan'uwansa da ke cikin tsiron hatsi tun kafin a san sunansa. Tarihin wannan sinadari tafiya ce ta hanyoyi biyu, ɗaya a ɗakin bincike, ɗaya a gindin murhu, kuma sun haɗu ne a kwanon yaron da ake shirin yayewa.

Ƙasar da ke rayuwa a kan sitaci

Arewacin Kamaru ƙasar dawa ce da gero. Binciken masu tono kayan tarihi ya nuna cewa an fara mayar da dawa amfanin gona a gabashin Sudan, kusa da Kassala, wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, gero kuma a arewacin Mali 'yan ƙarnoni bayan haka. Daga can suka bazu cikin yankin Tafkin Cadi. Mutanen Mafa sun sassaƙe duwatsun Mandara suka yi musu matakala domin shuka hatsi, Tupuri da Masa da Mundang suka riƙe jar dawar damina wadda ake kira njigaari da Fulatanci, Fali da Bata kuma suka noma gaɓar Binuwai tun kafin zuwan Fulani.

Bayan Modibbo Adama ya karɓo tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wajajen 1809, sarautun lamiɓe suka kafu a yankin, har da ta Garwa. Fataken Hausa da na Barebari suka biyo hanyoyin kasuwanci suka zauna, shi ya sa har yau akwai unguwar Hausare a cikin birnin. Daga ɓangaren Borno ne kuma noman masakwa ya yaɗu, wato dawar rani da ake dasawa a baƙar ƙasar laka bayan ruwa ya janye. Fulani suna kiran dawar muskuwaari, ƙasar kuma karal. Da wannan dabara manomi ya samu girbi biyu a shekara guda. Masara da rogo, waɗanda asalinsu daga nahiyar Amurka ne, sun shigo daga baya, noman shinkafar zamani kuma ya bunƙasa a Yagwa bayan kafa kamfanin SEMRY a 1971.

Abin da ya haɗa waɗannan amfanin gona duka shi ne sitaci. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙwayar dawa sitaci ne. Tuwon da Bafillace ke kira nyiiri da kunun da yake kira gaari, da fura, da waina, duk sitaci ne a kama daban-daban. Jini kuwa ba ya karɓar sitaci yadda yake, domin doguwar sarƙa ce ta dubban ƙwayoyin sukarin gulukos da ke ƙulle da juna. Sai an tsinka sarƙar an mayar da ita ƙwaya ɗai-ɗai kafin ta ratsa bangon hanji. Tambayar da ta ɗauki masana ƙarnoni ita ce: a ina ake fara tsinkawar, kuma mene ne ke yin ta?

Abin da likitocin dā suka hango

Tsofaffin likitoci sun ɗauki narkewar abinci a matsayin wata irin dahuwa da zafin ciki ke yi. Duk da haka ba su raina baki ba. Jalinus, likitan Girka na ƙarni na 2, ya lura cewa alkamar da aka tauna tana da tasirin da alkamar da aka jiƙa da ruwa ba ta da shi. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya maimaita wannan hujja a cikin littafinsa Al-Ƙanun, inda ya bayyana cewa abinci yana fara narkewa tun a wurin tauna, ya kafa hujja da cewa alkamar da aka tauna tana nunar da maruru fiye da wadda aka daka da ruwa. Sun ga alamar aikin, amma ba su da hanyar kama mai aikin.

A ƙarni na 17 masu nazarin gaɓoɓin jiki suka gano hanyoyin da miyau ke bi ya shigo baki. Thomas Wharton na Ingila ya siffanta magudanar da ke fitowa daga ƙarƙashin muƙamuƙi a 1656. Niels Stensen, ɗan ƙasar Denmak, ya gano ta kunci a 1660 yayin da yake feɗe kan tunkiya a Amsterdam. Maɓuɓɓugan miyau manya guda shida ne, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, wadda ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Tsakaninsu suna samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana, kuma kashi 99 cikin ɗari na wannan ruwa ne zalla. A cikin ragowar kashi ɗayan nan asirin yake.

Shekaru goma sha huɗu da suka buɗe ƙofa

A 1811 Gottlieb Kirchhoff, mai haɗa magunguna a birnin St. Petersburg na Rasha, ya dafa sitaci da ruwan asid ya ga ya koma sukari. 'Yan shekaru bayan haka ya nuna cewa hatsin da ya tsiro yana yin wannan aiki ba tare da asid ba. A 1814 wasu Faransawa biyu, Colin da Gaultier de Claubry, suka gano cewa aidin yana rina sitaci ya koma shuɗi mai duhu. Wannan ya ba masu bincike ma'auni mai sauƙi: muddin shuɗin yana fitowa, akwai sauran sitaci, idan ya daina fitowa an gama datse shi. Har yau da wannan gwaji ake koya wa ɗaliban sakandare darasin miyau, a Garwa kamar yadda ake yi a Kano.

A 1831, lokacin da Modibbo Adama ke ci gaba da shimfiɗa mulkin Fombina, shekaru goma kafin ya kafa Yola, wani Bajamushe mai suna Erhard Friedrich Leuchs ya gauraya miyau da dafaffen sitaci ya tarar sukari ya bayyana. Sinadarin da ke wannan aiki an laƙaba masa suna tayalin, daga kalmar Girkanci mai nufin miyau. Bayan shekara biyu, a 1833, Anselme Payen da Jean-François Persoz suka jiƙa tsiron sha'ir a Faransa, suka zuba wa ruwan barasa, wani farin gari ya kwanta. Ɗan kaɗan daga garin nan ya narkar da sitaci mai yawan gaske. Suka kira shi dayastas. Shi ne enzayim na farko da ɗan'adam ya ware ya riƙe a hannu. A 1845 Louis Mialhe ya bi irin wannan hanya da miyan mutum, ya fitar da gari mai aiki iri ɗaya, ya kira shi dayastas na dabba. Daga nan ta tabbata cewa abin da ke cikin bakin mutum da abin da ke cikin ƙwayar hatsi mai tsirowa 'yan gida ɗaya ne.

Ba kowa ne ya yarda da muhimmancin abin ba. William Beaumont, likitan sojan Amurka, ya yi shekaru yana leƙa cikin tumbin wani matashi mai suna Alexis St. Martin, wanda harbin bindiga ya bar masa kafa a ciki a 1822. A littafin da ya fitar a 1833 ya yanke hukuncin cewa miyau ba ya narkar da abinci, jiƙa shi kawai yake yi domin ya wuce maƙogwaro. Da Theodor Schwann ya gano pepsin na tumbi a 1836, sannan Claude Bernard ya bayyana ƙarfin ruwan fankiriyas a shekarun 1840 da 1850, sai hankalin masana ya koma can ƙasa, aka bar miyau a matsayin ɗan rakiya. A daidai wannan zamani ne, cikin watan Yuni na 1851, Heinrich Barth ya iso mahaɗar Binuwai da Faro, yamma da Garwa, a kan hanyarsa ta zuwa Yola, yana ratsa ƙasar da mata ke tsirar da dawa a bayan ɗakunansu.

Daga suna zuwa siffa

Kalmar enzayim ta fito ne daga bakin Wilhelm Kühne na Jamus a wajajen 1877, ma'anarta da Girkanci abin da ke cikin yisti. A 1897 Eduard Buchner ya nuna cewa ruwan da aka matse daga yisti yana iya sarrafa sukari ko da babu ƙwayar halitta mai rai a ciki, wato enzayim abu ne na sinadari, ba wani ɓoyayyen ruhi ba. Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi a 1901. Shekara uku bayan haka Ivan Pavlov na Rasha ya karɓi kyautar Nobel saboda bincikensa a kan narkewar abinci. Shi ne ya auna yadda ƙanshi ko ganin abinci, ko ma wata alama da aka saba haɗawa da shi, ke sa miyau ya tsinke tun kafin a kai loma. Mai azumi a Garwa cikin zafin watan Afrilu, wanda ƙanshin ƙosai ya riske shi gab da magariba, ba ya bukatar a fassara masa wannan.

A 1922, shekarar da Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci ta damƙa wa Faransa riƙon mafi yawan Kamaru, Alexander Fleming ya bayyana wani enzayim da ke cikin majina da hawaye da miyau, wanda ke fasa bangon wasu ƙwayoyin cuta. Aka kira shi layisozayim. A 1926 James Sumner na Amurka ya tabbatar cewa enzayim furotin ne. A 1948 Kurt Meyer da abokan aikinsa a Geneva suka tace amilas na miyan mutum har ya zama ƙanƙara tsantsa. A 1973 kuma Margit Hamosh da Robert Scow suka bayyana wani enzayim da ke fitowa daga bayan harshe, mai fara narkar da maiƙo, wanda ake kira lifas na harshe. Aka wayi gari miyau ba ruwan jiƙa loma kawai ba ne: yana datse sitaci, yana taɓa maiƙo, yana yaƙar ƙwayoyin cuta, yana kuma kashe kaifin tsamin da ke cin haƙori.

Abin da ke faruwa da lomar tuwo

Sitaci iri biyu ne a haɗe. Akwai mai miƙaƙƙiyar sarƙa, akwai mai rassa kamar bishiya. A ɗanyen gari sarƙoƙin a dunƙule suke cikin ƙananan ƙwayoyi masu tauri, amilas ba ya samun ƙofar shiga. Idan aka yi talge aka tuƙa, zafi da ruwa sukan kumbura ƙwayoyin su fashe, sarƙoƙin su bazu su riƙe ruwa. Wannan shi ne kaurin tuwo da na kunu. Amilas yana sara sarƙar ne daga tsakiya, nan da can, ba daga baki ba. Saboda haka sara kaɗan ya isa ya rage tsawon sarƙoƙi ƙwarai, kauri ya karye tun kafin zaƙi ya bayyana. Abin da yake bari shi ne sukarin maltos, mai ƙwaya biyu, da wasu gutsattsari da ake kira dekstirin. Ba ya iya sare mahaɗar rassa. Wannan aiki na wasu enzayim ne da ke jikin bangon ƙaramin hanji.

Amilas yana son zafin jiki, digiri 37, da muhallin da ba tsami ba kanwa. Tsamin tumbi yana kashe shi. A kan wannan ne magabata suka dogara suka ce aikinsa na 'yan daƙiƙoƙi ne. Amma lomar da aka haɗiya dunƙule take sauka, asid kuma daga waje yake fara cin ta, don haka amilas yakan ci gaba da aiki a tsakiyar lomar na wani lokaci mai tsawo. Masu bincike a Faransa sun nuna a 'yan shekarun nan cewa kaso mai yawa na sitacin burodi yana narkewa a tumbi ta wannan hanya, kuma shan ruwan lemon tsami tare da burodin yana rage saurin hawan sukari a jini, domin tsamin yana dakatar da amilas da wuri. Ragowar aikin amilas na fankiriyas ne ke kammala shi a ƙaramin hanji.

Dawa tana da nata hali. Furotin ɗinta, kafirin, yakan ƙulle idan an dafa shi da ruwa, ya lulluɓe sitacin ya rage saurin narkewarsa. Wani bincike da aka yi a Bamako, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa tuwon dawa da na gero sun fi shinkafa da dankalin Turawa da taliya daɗewa a tumbi nesa ba kusa ba. Manomin da ke cewa tuwon dawa ya fi riƙe ciki a gona gaskiya ya faɗa. Saniyar Bafillace kuwa, wadda ke zubar da miyau fiye da lita 100 a rana, kusan babu amilas a nata. Aikin miyanta shi ne kashe tsamin tumbi domin ƙananan halittun da ke narkar mata da ciyawa su rayu.

Ilimin da ke gindin murhu

Al'ummomi da dama sun yi amfani da miyau kai tsaye wajen mayar da sitaci sukari. A tsaunukan Andes ana tauna masara a tofa a tukunya domin haɗa abin sha, a tsohuwar Japan an yi haka da shinkafa. Mutanen yankin Tafkin Cadi da Binuwai sun bi hanyar tsiro. Ana jiƙa dawa, a baza ta a inuwa a rufe, a riƙa yayyafa ruwa na 'yan kwanaki har ta fitar da saiwa da toho, sannan a shanya a niƙa. Ƙwayar da ke shirin tsirowa takan ƙera amilas domin ta ciyar da ɗan tsironta daga rumbun sitacin da ke jikinta. Shanyawa tana tsayar da tsiron, ta bar enzayim ɗin a ajiye.

Akwai matsala guda da dawa ke da ita wadda sha'ir ba shi da ita. Sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, wannan zafi kuwa yana raunana enzayim ɗin tsiro ko ya kashe su. Matan da ke dafa bilbil, giyar dawa ta al'ummomin da ba Musulmi ba a arewacin Kamaru da Cadi, sun warware matsalar tun da daɗewa. Sukan dama garin tsiro da ruwa su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye, su dafa gasarar da ta kwanta har ta nuna, sannan su mayar da ruwan da suka ajiye. Enzayim ɗin yana cikin ruwan saman, bai ga wuta ba, ya tarar da sitaci a buɗe. Mai kunun zaƙi a gidan Bahaushe ita ma wannan ƙa'ida take bi: takan raba ƙullu biyu, ta dama kaso ɗaya da tafasasshen ruwa, ta bari ya ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen kason da ke ɗauke da tsiro ko busasshen dankali, ta rufe ya kwana. Da safe kunu ya saki, ya yi zaƙi.

Masana'antu sun zo daga baya suna koyon abin da waɗannan mata suka sani. Da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin abin sha, har da masu lemon malta, suka koma ga dawa. A Ngaundere, masu bincike a makarantar ENSAI ta kimiyyar sarrafa abinci sun yi nazari a kan tsiron safraari da majeeri, waɗanda duka nau'o'in masakwa ne na arewacin ƙasar.

Jar dawa, bauri da tsuntsaye

Wasu nau'o'in jar dawa suna ɗauke da sinadarin tanin a ɓawonsu. Shi ne ke kawo bauri, irin wanda ake ji a goro da ɗanyen ɗan itace. Tanin yana kama furotin ya ƙulle shi, amilas kuma furotin ne, don haka dawa mai tanin tana rage ƙarfin narkarwa. Miyau yana da garkuwa: akwai wasu furotin a cikinsa da ke rige-rigen kama tanin kafin ya kai ga enzayim. Idan suka kama shi sai santsin baki ya ragu, wannan bushewar da ake ji a harshe ita ce bauri. A farkon shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ciyar da ɓeraye dawa mai tanin, suka tarar maɓuɓɓugar miyau ta gaban kunne ta ƙara girma cikin 'yan kwanaki, tana fitar da waɗannan furotin da yawa.

Me ya sa manomi zai riƙe irin da ke da bauri? Amsar tana sararin sama. Tsuntsun jan-baki, wanda ke sauka dubbai a gonakin yankin Tafkin Cadi, yana ƙyamar dawa mai tanin. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa a faɗin Afirka, wuraren da jan-baki ya fi ɓarna su ne wuraren da aka fi noma dawa mai tanin. Manomi ya zaɓi ya ci mai bauri a kan ya rasa duka, matan gida kuma suka rage baurin da surfe da jiƙo da toka ko kanwa.

Abin da abinci ya rubuta a jini

Umarnin ƙera amilas na miyau yana cikin wata ƙwayar gado da ake kira AMY1. Birin cimpanzi yana da kwafi biyu kacal. Mutane kuwa sun bambanta, wani yana da biyu, wani fiye da goma, kuma gwargwadon yawan kwafi gwargwadon yawan amilas a baki. A 2007 George Perry da abokan aikinsa suka kwatanta al'ummomi masu cin sitaci da yawa, irin su Japanawa da Hadza na Tanzaniya, da masu cin kaɗan, irin su Biaka na dazuzzukan Afirka ta Tsakiya da makiyayan Datog. Rukunin farko suna da kimanin kwafi bakwai a matsakaici, na biyu kimanin biyar. Bincike biyu da suka fito a 2024 sun nuna cewa ninkuwar ta fara tun kafin noma da dubban ɗaruruwan shekaru, amma ta ƙaru a Turai bayan an rungumi noman hatsi. Kamaru ma tana da nata misali na yadda cima ke barin sawu a gado: wani bincike na 2004 ya tarar da sauyin gadon da ke ba babba ikon narkar da sukarin madara a tsakanin Fulani da Hausawan ƙasar.

Kwanon yaro

Jariri yana zuwa duniya da ƙarancin amilas na fankiriyas, sai a hankali yake ƙaruwa cikin shekarar farko da bayanta. Wanda ke cikin miyansa da wanda ke cikin nonon uwa su ke tallafa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da nono zalla wata shida. Iyaye mata a sassa da yawa na duniya sun saba tauna abinci su ba yaro, ta haka suna ara masa haƙoransu da amilas ɗinsu. Amma baki yana ɗauke da ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori, kuma a 2009 likitoci a Amurka suka ba da rahoton yara uku da suka kamu da cutar ƙanjamau ta wannan hanya, biyu daga cikinsu daga masu reno da ke da jini a baki.

Babbar matsalar tana cikin kunun yaye. Yaro ɗan wata takwas ba ya iya haɗiyar kunu mai kauri, sai uwa ta tsinka shi da ruwa. Kunun da garinsa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, ƙarfin da ke cikin giram 100 nasa bai wuce kalori 40 ba, alhali nonon uwa yana da kusan 67. Tumbin yaron kuwa ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin kofi guda a zama ɗaya. Sai ciki ya cika da ruwa, yaro ya ƙoshi a ido, jiki bai samu abin gini ba. Ƙididdigar lafiya ta Kamaru ta 2018 ta nuna cewa kashi 29 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jihar Arewa kuma, wadda Garwa ce hedikwatarta, adadin ya kai kimanin huɗu cikin goma. Dalilan suna da yawa, akwai talauci da gudawa da zazzaɓin cizon sauro, amma tsararon kunu yana cikinsu.

A 1983 Mosha da Svanberg suka nuna a Tanzaniya cewa ɗan garin tsiro yana narkar da kunu mai kauri ba tare da an ƙara ruwa ba. Tara Gopaldas ta yi irin wannan aiki a Baroda ta Indiya cikin shekarun 1980. Hanyar ba ta da wuya. A dama kunu da gari ninki biyu ko uku na yadda aka saba, a sauke, a bari tururinsa ya ɗan lafa, a barbaɗa ƙaramin cokali na garin tsiro a juya. Cikin minti goma zai saki yadda yaro zai iya sha, alhali duk garin yana ciki. Sharuɗɗa biyu ne ba a wasa da su. Na farko, a murje saiwa da tohon dawar a sheƙe su bayan shanya, domin suna ɗauke da sinadarin da ke fitar da gubar sayanayid. Na biyu, a mayar da kunun wuta ya sake tafasa kafin a ba yaro, domin jiƙo da tsiro suna tara ƙwayoyin cuta. Idan aka haɗa da ƙulin gyaɗa ko garin wake ko madara, kwano ɗaya zai yi aikin kwano uku.

Garwa ta samu jami'arta a 2022. Ɗalibin da ya ɗiga aidin a kan sitaci a ɗakin gwaji, ya zuba miyau ya ga shuɗi ya dushe, yana maimaita abin da Leuchs ya gani a 1831. Idan ya koma gida ya tarar da ƙanwarsa tana tsinka wa ɗanta kunu da ruwa, maganin yana cikin mudun dawar da ke rumbu, kwana uku ko huɗu kawai take bukata a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu.